Ludayin Innarka a Ƙasan Akwati

Gwadangaji, Birnin Kebbi,
Jihar Kebbi.

Zuwa ga ɗana Yohanna,

Da sunan Allah mai rahama nake farawa. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan motar Argungu ta sauke ka lafiya kai da akwatinka, ramukan hanya ba su karkaɗe maka hanji ba. Allah shi tsare ka zaune da tsaye, shi kare ka daga sharrin ruwa da na mutane, shi haɗa ka da masu nufinka da alheri. Innarka Balki tana gaishe ka, ƙannenka suna gaishe ka. Jakina ma da kunka saba faɗa na san zai yi kuka bayanka, sai dai ba zan rantse ko na kewa ne ko na murna ba.

In ka ga rubutun nan yana hawa yana gangara, kada ka yi dariya. Ni allo na sani. Bokon nan kai ka koya mini da gawayi a ƙofar gida, saboda haka duk kuskuren da ka gani na malamina ne.

Ina rubutun nan ne kana can kana sallama da mutanen cocinku, kuma na san inda za ka tsince shi: a ƙasan akwati, cikin shuɗin zanen da ka naɗe laujen mahaifinka. Ka kwance zane, sai ga ludayi. Kai, na so a ce ina wurin in ga fuskarka! I, ni ne. Wa kake tsammani? Laujen yana wurina. Ludayin kuwa na Innarka ne, wanda take kwasar kunu da shi, kuma na tabbata yanzu haka tana can tana juye ɗaki tana zargin 'ya'yan maƙwabta.

Ka yi fushi in kana so, amma ka zauna ka karanta.

Fasto ya kira ka Argungu don ka riƙe yaran nan da rikici ya koro daga garinsu, waɗanda anka ƙone wa gidaje, wasu ma anka kashe wa iyaye suna gani. Ya ce ka koya musu karatu, ka kuma koya musu yafiya irin ta addininku. Na yi murna har na ba mutane goro ba su roƙa ba. Amma shekaranjiya na gan ka bayan rumbu kana goga laujen nan a dutse, kana gwada kaifinsa a gashin hannunka. Malamin yara ba ya yankan shinkafa a aji. Kuma ni da kai mun san wanda ke zaune Argungu tun da anka sako shi daga gidan yari: Mamman Dogo, wanda ya sauke wa mahaifinka Bulus gora a ka ranar da garuruwa biyu sunka yi faɗa kan kamun kifi a tafki. Bulus rabon faɗa ya shiga, kai kana tsaye a bakin ruwa riƙe da takalmansa. Ban ce ka ƙulla wani abu ba. Wataƙila kai kanka ba ka san abin da ya sa hannunka ya kai ga dutsen ba. Ni dai ba zan bar ƙarfe mai kaifi ya zauna gari ɗaya da kai da mutumin nan ba.

Ba ni da ilimin yi maka wa'azi. Ranar da Bulus ya kama hannuna a asibiti ya ce, "Umaru, uwarsa ta riga ni tafiya, riƙe mini yaron nan, kuma ka bar shi a kan addininsa," ko gemu ban tara ba, aurena da Balki ma bai daɗe ba. Abin da ya haɗa mu da shi iyakar gona ce a fadamar Zauro, da tuwon rana a ƙwarya ɗaya tun zuwansa daga Zuru. Mutane sunka yi ta dariya. Wai Umaru mai sa wa ladan kwaɗo a buta shi ne za shi riƙe maraya? An ba yaro riƙon yaro! Ba su yi ƙarya ba. Har yau in ka kira ni Baba a kasuwa sai an waiwayo ana neman tsohon. To abin da nake da shi kawai shi ne shirmen da na yi a kanka, zan zube maka shi don kada ka maimaita a kan 'ya'yan mutane.

Na farko, gaggawar son ganin haƙoranka. Ka zo gidana ba ka magana, ba ka kuka, ka zauna jikin rumbu kamar an dasa ka. Ni kuwa abu ɗaya na iya a duniya, ba mutane dariya. Na ɗaura ɗankwalin Balki na yi maka tafiyar tsohuwa. Na yi kukan jaki har jakin ya amsa. Ko gezau. Sai wata babbar dabara ta faɗo mini. Na huda tsohuwar ƙwarya na yi mata idanu, na kifa a fuska, na laɓe bayan zana, da ka zo wucewa na diro da ihu ina kaɗa sanda. Ka zube ƙasa, ka rufe kai da hannu biyu kana cewa, "Kada ku buge shi! Kada ku buge shi!" Na tsaya da ƙwarya a fuska, na rasa inda zan sa kaina. Balki ta fito da muciya a hannu ta ce, "Umaru, Allah shi shirye ka! Yaron da ya ga sanda ta kashe ubanai, shi kaka ɗaga wa sanda?" Ta bi ni da muciyar har ƙofar gida, kuma ban ga laifinta ba.

Saboda haka yaran nan, kada ka ɗaga musu sanda ko da don nuna baƙi a bango ne. Kada ka zo musu ta baya. Kada ka buga tebur. Ka lura da abin da ke firgita kowane ɗaya, wani hayaƙi ne, wani gudun mutane, wani ƙarar ƙyaure kawai. Ba za su faɗa maka ba, kafaɗunsu za ka duba.

Ka tuna ranar da ka fara dariya? Ba shiri na yi ba. Muna Zauro da damina, na tsaya a kwalekwale ina cika wa mata masu cirar ciyawa baki cewa ni da ƙafa ɗaya nake tuƙi. Gwangwala ta kafe a laka, kwalekwale ya yi gaba, ni na rage maƙale a sama ina salati, kafin in faɗa tsundum. Na fito laka har kunne, hulata ta kama hanyar Yawuri. Ka yi dariya har shaƙuwa ta kama ka. Daga ranar na gane ba a tatsar dariya daga yaro irinka, amma in ya ga babba ya sha ƙasa takan zo da kanta. Ka bar su su yi maka dariya. Kana da jari, ga kunnuwa kamar faifai, ga tafiyar agwagwa.

Na biyun shi ne babba, don shi ya shafi aikin da za ka yi.

Kowace Lahadi nakan goya ka a keke in kai ka coci, in zauna gindin dalbejiya ina cin goro har ku tashi. Masu wucewa su ce, "Malam Umaru, ko ka shiga ne?" In ce, "Ina jiran a fara rabon shinkafa tukuna." To kunnen da ya sha karatun allo ba ya jin abu yana maimaituwa ya ƙyale. Ta taga na haddace addu'ar nan taku da kuke yi baki ɗaya, ban ma yi niyya ba. A gida kuma kakan durƙusa da safe ka yi ta kai kaɗai. Sai na lura kana tsallake wuri ɗaya, inda kuke roƙon Allah shi yafe muku kamar yadda ku ma kuke yafe wa waɗanda sunka cuce ku. Kana zuwa nan sai ka ɗaga ƙafa kamar ka iso kwata, ka dira a gaba.

A makarantarmu tsallake ma'anarsa ɗaya, yaro bai iya ba. Na ce subhanallahi, amanar Bulus! A ce ɗansa yana hannuna ko addu'arsu bai haddace ba? Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na zaunar da kai, na ajiye ƙuli-ƙuli gefe don lada. Na ce, "In biya, ka biya." Na ɗauko muryar allo, ina rangaji gaba da baya, ina rera addu'ar Kirista da ƙarfina. Tsohon maƙwabcinmu Malam Garba ya leƙo ta kan zana, ya saurara, ya saurara, ya ce, "Umaru, wace sura ce wagga?" Na ce, "Malam, ba ka kai nan ba tukuna."

Kai kuwa kana bina tiryan-tiryan, sai mun iso wurin ka rufe baki ruf. In koma baya, mu taho, ka rufe. Na ƙara ƙuli-ƙuli. Na yi lallashi, na yi ɓacin rai, na ce kan jakina ya fi naka. Mun yi kwanaki a haka. Ran nan ka ɗago ka dube ni, ka ce, "Baba, ban mance ba. Na iya shi sarai. Ban yafe ba ne, kuma ba ni son in yi wa Allah ƙarya."

Na naɗe tabarmata, na cinye ƙuli-ƙulin don kunya.

Na tafi wurin Fasto, wannan dai da ya kira ka yanzu, lokacin yana nan Birnin Kebbi da tabaransa mai ɗaurin zare. Na ba shi labari. Ya yi dariyar rangajina har ya cire tabarau ya share ido. Ya ce, "Malam Umaru, ɗakin nan cike yake da manya masu faɗin wurin nan da ƙarfi, su fita ba sa gaisawa da juna. Yaron nan ya ɗauki maganar da nauyinta. Ka bar masa gurbin. Allah yana jin shirun." Ya ce a karatunku Almasihu ya roƙa wa masu cutarsa gafara tun ciwon yana jikinsa, kuma can ne ake son mai binsa ya kai, amma ba a jan mutum zuwa can da igiya. Ya ce yafiya ba cewa ba ne abin da ya faru ba komai ba ne, ba kuma hana alƙali aikinsa ba ne. Ɗauke hannunka ne daga ramuwa, ka bar wa Allah. Namu karatun daban yake ta wasu wurare, kuma ba gardama na je yi ba, amma wannan maganar na san ƙanshinta, don mu ma an hore mu da irinta.

To ga abin da nake tsoro. Za ka shiga aji da zafin sabon malami, ka jera su, ka ce, "Ku ce mun yafe!" Za su faɗa, har da ƙarfi, don a sallame su su je su ci abinci. Kai kuma ka tafi ka gaya wa Fasto aiki ya yi kyau. Wannan irin karatuna ne na tabarma. Kada ka yi. In ana addu'a ka buɗe ido ɗaya, Allah ba zai kama ka ba. Ka ga wa ya rufe baki a wurin nan. Kada ka kira sunansa a gaban 'yan'uwansa, kada ka cika masa gurbin. Ka bari sai an tashi, ka zauna kusa da shi, ka ce masa kai ma a nan kake tsayawa. Zai dube ka irin kallon da ka yi mini.

Abin da ya taimake ka kuwa ba hikimata ba ce, a hanya munka tsince shi. Da kaka ta yi munka yanke shinkafa munka tara, masu aiki sunka zagaye tarin da sanduna ana bugu. Ni ina ta janye ka daga wurin saboda abin da na yi da ƙwarya. Sai kai da kanka ka ɗauki sanda ka shiga layi. Ka fara a hankali, can sai na ga kana ɗagawa har bayan ƙeya, kana saukewa kana cewa, "Dogo! Dogo!" Masu bugu sunka tsaya cirko-cirko. Na ƙifta musu ido, na ɗaga waƙar aiki da wannan muryar tawa ta kwaɗo, sunka amsa, sunka rufe ka da amo don kada ka ji kunya. Ka bugi shinkafar nan har hannunka ya yi kanta, sannan ka zauna cikin bambaro ka yi kukan da ba ka yi ba tun ranar jana'iza. Da ka gama ka ci tuwon mutum uku. Balki ta ce shinkafar gefenka duk ta kakkarye, ba ta dafuwa sai tuwo. Munka sa masa suna tuwon Dogo, kai ne ma kake neman ƙari.

Fushi yana son aiki, ɗana. In ba ka ba shi ba, zai nemo da kansa. Ka samar wa yaran nan abin bugu wanda ba ya jini: sussuka, daka, faskare, kwaɓin ƙasar gini. In wani ya kira suna yana bugu, kada ka ce masa haram, ka ɗaga waƙa. Maganar yafiya ta biyo baya, in gumi ya bushe, ciki ya cika.

Saura ɗaya, wanda ko Innarka rabinsa ta sani. Da na ji an sako Mamman Dogo, na shiga motar Argungu ban gaya wa kowa ba. Ni ba mai ƙarfe ba ne, ka san makamina. Na ƙunshe ƙaiƙayin gero, mai kyau, na ƙasan masussuka, na cusa a aljihun wando. Niyyata in zazzaga masa a wuyan riga ranar kasuwa, ya tuɓe yana rawa a gaban jama'a. Na yi tambaya har na same shi a wata rumfa kusa da gulbi yana ɗinkin taru, ragar kamun kifi. Na tarar bai kai tsawon da nake gani a raina ba. Kansa ya yi fari. Bai gane ni ba. Ya ce, "Baƙo, shigo inuwa, rana ta yi zafi." Ya janye tarun, ya miƙo mini ruwa. Na sha, don ƙishi ya fi ni ƙarfi. Ina zama, ƙunshin ya fashe a aljihu.

Kai, Yohanna! Na daure, na murmusa, na muskuta, na fara susa a ɓoye, daga baya na saki hannu biyu. Mutumin ya dube ni da tausayi ya ce, "Baƙo, ƙazuwa ce? Akwai mai magani nan bayan masu kifi, shina da kyau ƙwarai." Na ce na gode, na fita ina tafiya kamar mai sabuwar kaciya. A mota kowa ya matsa ya ba ni wuri, ban taɓa zama a sake irin na ranar ba. Na iso gida na faɗa bayi da tulu guda, Balki tana tambaya ta waje wai mi na taka.

Ban ce maka mutumin kirki ne ba. Ban san ko yana nadama ba, ban tambaya ba. Ban kuma ce na yafe masa a rumfar nan ba, Bulus abokina ne, ni ma ina da nawa gurbin. Abin da na sani shi ne, shi yana can yana ɗinkin tarunsa lafiya lau, ni da na ɗauko abin tun daga gida ni na sha susa. Nawa wanka ya fidda shi. Naka da ka naɗe a zane ba ya fita da wanka. In hannunka ya kuɓuce sau ɗaya, yaran nan da sunka ga kisa na farko za su ga na biyu, kuma a hannun malaminsu. Ni kuma in je lahira in gaya wa Bulus mi?

Argungu ba ta da girman da za ku kasa haɗuwa. In ka gan shi, ba dole ka gaishe shi ba. Ka tsallaka hanya, ka koma gida, ka karɓi taɓarya hannun matar Fasto ka daka mata duk abin da ke gidan. Ka gaya wa Fasto ka gan shi, kada ka haɗiye. Fasto ya san wanda ke garin sarai lokacin da ya kira ka, ba mantuwa ya yi ba. Ranar da ka tashi ƙirjinka yana zafi, kada ka bi hanyar gulbi kai kaɗai.

Sauran ƙanana ne. Ka gaida maƙwabtanka Musulmi kamar yadda kake gaida Malam Garba, in sun kawo tuwon salla ka ci, in taku ta zo ka kai musu. Kada ka yi gardamar girman kifi da mutumin Argungu, ko ya ce ya kama wanda ya fi jakina ka ce haka ne. Kada ka shiga ruwa don 'yan mata suna kallo, ka ga abin da ya sami hulata.

Jiya da safe na ji addu'arka. I, har yanzu ina saurare, bayan zanar nan dai. Yanzu ka girma, ba ka tsallakewa, tari kake yi a wurin, ɗan tari mai ladabi, ka wuce. Wataƙila kana jin kunya a ranka, kana cewa yaya wanda bai gama ba zai koyar. A makarantarmu wanda ke gaba kaɗan shi ke biya wa na baya, alhali shi ma allonsa bai wanku ba, kuma yara sun fi ganewa a bakinsa don bai manta inda ake tuntuɓe ba. Ka faɗa musu gaskiya, kai ma kana hanya. Yara suna jin warin ƙarya tun daga ƙofa.

Ludayin nan ka yi aiki da shi. Kafin ka buɗe musu baki da wata magana, ka dama kunu ka kwasa musu da hannunka. In kaka ta yi, ka roƙi Fasto ya ba ka su ku zo Zauro. Gonar mahaifinka ta yi kyau bana, shinkafa har ƙugu. A bakin gonar zan miƙa maka laujen da hannuna, ka ga ka riga ka hutar da ni wahalar kai shi maƙera. Kai ka yanka, su su buga, ni in yi waƙa, Innarka ta tuƙa tuwo. Ludayin kuma kai za ka ba ta, ka ce kai ka ɗauka. Ni ina da ƙananan yara, muciyar nan kuma tana nan.

Ranar da addu'ar ta wuce ba tari, ko bana, ko baɗi, ko sai na yi furfura, kada ka aiko mini da takarda. Ka zo ka durƙusa a tsakar gida da safe ka faɗe ta da ƙarfi. Ka san inda nake tsayawa. Za ka ji amin daga bayan zana.

Allah shi kiyaye fitarka da shigarka, shi sanyaya zuciyarka da ta yaran da ke hannunka, shi jiƙan waɗanda sunka rasa, shi maido mini da kai lafiya da ƙafafunka.

Ni ne babanka,
Umaru na Zauro.